Furen ƙararrawa na tsaunukan Alps: abin da ke kashe shi a lambu da yadda ake raya shi

Tambaya: Wata baiwar Allah da ke zaune a wajen birnin Munik na ƙasar Jamus ta rubuto cewa a wata ziyara da suka kai tsaunukan Alps da ke tsakiyar Turai cikin watan Yuli, ta ga wani ɗan gajeren tsiro mai shuɗin fure, siffar ƙararrawa, yana fitowa daga cikin tsakuwa a gefen hanya. Da ta koma gida sai ta sayi mai kama da shi a kanti, ta dasa a fangalin furanninta, ta zuba masa taki, tana ba shi ruwa kullum. Ya yi fure na 'yan makonni, amma bayan wucewar sanyi bai sake tofo ba. Tana son sanin ko wane tsiro ne ta gani, me ya kashe wanda ta dasa, ko zai rayu a tsakanin duwatsun daɓen tsakar gidanta, da kuma ko za ta iya aika wa ƙanwarta irinsa a Jos.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Bisa kwatancen da kika bayar, na tsayin tsiron da wurin da kika gan shi da watan da yake fure, na fi kyautata zaton abin da kika gani shi ne wanda masana tsirrai ke kira Campanula cochleariifolia, sunan da masanin nan na Faransa, Lamarck, ya ba shi a 1785. A wurin masu sayar da dashe a Jamus za ki same shi da sunan Zwerg-Glockenblume, wasu tsofaffin takardun jikin tukunya kuma suna rubuta Campanula pusilla, duk abu ɗaya ne. Tsayinsa daga santimita 5 zuwa 15 ne, furensa bai kai santimita 2 ba, yana sunkuyar da kai a bisa siririn kara, launinsa shuɗi mai haske, wani lokaci fari. Ganyen da ke gindinsa ƙanana ne, kewayayyu, masu sheƙi da ɗan tsaga-tsaga a baki, na jikin kara kuwa sirara ne. Akwai wani ɗan'uwansa da ake yawan rikita su, Campanula rotundifolia, amma shi ya fi tsayi, tohon furensa yana kallon sama kafin ya buɗe, kuma ganyen gindinsa yakan bushe kafin fure ya fito, alhali naki yana riƙe da nasa ganyen shar a lokacin da yake fure.

Wanda kika saya a kanti kuwa, da wuya ya zama shi ne. Dangin Campanula sun haura nau'i 400, kuma waɗanda aka fi jerawa a manyan kantuna cike da fure tun watan Maris ko Afrilu nau'i uku ne. Akwai Campanula portenschlagiana, ɗan asalin duwatsun Dalmashiya a ƙasar Kuroshiya, mai fure ruwan shunayya da ke kallon sama. Akwai Campanula poscharskyana daga yankin Balkan, mai fure kamar tauraro da dogayen rassa masu yaɗo. Sai Campanula carpatica na tsaunukan Karpat, wanda furensa ya fi faɗi, a buɗe yana fuskantar rana. Waɗannan duka tsirrai ne masu kyau, sai dai yawancin na kanti an rene su ne a ɗakin gilashi mai ɗumi, da hasken lantarki da takin ruwa, domin su yi fure kafin lokacinsu su ja hankalin mai saye. Tsiron da aka yi wa haka, in aka fitar da shi waje aka tura cikin ƙasa mai nauyi, yakan ƙare ƙarfinsa a furen farko. Saboda haka abu na farko shi ne ki nemi mai renon tsirran dutse, ki karanta sunan kimiyya a jikin takardar tukunya, kuma ki zaɓi ƙaramin tsiro mai ƙarfin ganye ko da babu fure ko ɗaya a kansa.

Amma ko da ainihin tsiron kika samu, irin kulawar da kika yi masa za ta iya kashe shi, kuma wannan ne wurin da nake so mu daɗe a kai, domin a nan kusan kowa yake tuntuɓe. Mun saba da cewa shuka tana son taki da ruwa da ƙasa mai laushi, kuma gaskiya ne ga tumatir da alayyafo. Wannan tsiro kuwa a wani irin wuri dabam ya samo halinsa. Mazauninsa tsaunukan Piranis da Alps da Karpat da na Balkan ne, duk a Turai, tun daga kwaruruka har zuwa kusan mita 3,000 a sama, kuma a can ba a cikin ciyawa mai kauri yake zama ba. Yana zama ne a gangaren da duwatsu suka farfashe suka zubo, da cikin tsagar dutse, da kan tsakuwar bakin rafi, galibi inda dutsen yake na farar ƙasa, wato irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. A irin wannan wuri ƙasa 'yar kaɗan ce, a maƙale tsakanin duwatsu. Ruwan sama yana sauka ya wuce nan take, amma a can ƙarƙashin tsakuwar akwai sanyi da danshi a kowane lokaci, saboda dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga sama tana tsiyaya ta ƙasa duk tsawon watannin zafi. Wato saiwarsa tana cikin danshi mai iska, wuyansa kuma, inda ganye ya haɗu da saiwa, a bushe yake a kan dutse.

Lokacin sanyi ma haka abin yake. A kan tsauni dusar ƙanƙara tana rufe shi watanni da yawa, kuma a ƙarƙashin wannan rufi yanayin ba ya yin nisa da digiri sifiri, babu ruwa mai kwanciya, babu iska mai busarwa, tsiron yana barcinsa. A lambun da ke ƙasa kuwa, kamar naki, watannin Disamba zuwa Fabrairu suna zuwa da ruwa yau, ƙanƙara gobe, narkewa jibi. Ƙasar da aka cika da taki tana shan wannan ruwa ta riƙe, wuyan tsiron ya yi makonni a jiƙe, sai ruɓa ta shiga. Mutane da yawa suna cewa sanyi ne ya kashe musu shi, har su nemi abin rufe shi a shekara mai zuwa, alhali tsiron da ke rayuwa a mita 2,500 ba sanyin Munik ne zai dame shi ba. Jiƙa ce take kashe shi, kuma rufe shi da ganye ko leda ƙara masa jiƙar yake yi.

Taki mai yawa yana da tasa illar ta daban. Yana sa ganye ya yi girma ya yi laushi, karan fure ya miƙe ya faɗi, tsiron ya rasa wannan tsukakkiyar siffa da ta ba ki sha'awa tun farko, sannan ganye mai laushi shi ne abincin da dodon koɗi ya fi so.

Abin da za ki yi ke nan shi ne ki gina masa wurin da ya yi kama da gidansu, kuma a nan kin yi sa'a, domin birnin Munik da kewayensa a kan wani faffaɗan filin tsakuwa suke zaune, wadda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya kwaso daga Alps tun zamanin da ƙanƙara ta rufe yankin, kuma yawancinta ta dutsen farar ƙasa ce. Har ma kogunan Isar da Lech sukan ɗauko irin wannan tsiro daga tsauni su sauke shi a kan tsakuwar bakinsu, nesa da asalin mazauninsa, ya kuma rayu a can. Ruwan famfonku ma mai sinadarin farar ƙasa ne, wanda wasu tsirrai ba sa so, amma shi bai dame shi ba. Ki haƙa wurin da zurfin kamar santimita 30, ki kwashe ƙasar da kika yi wa taki ki kai wa kayan miya. Ki haɗa kashi biyu na ƙananan tsakuwa, masu girman milimita 4 zuwa 8, da kashi ɗaya na ƙasar lambu marar yumɓu, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya riga ya zama gari. In wurin ya ɗan fi kewayensa tudu, ko yana da gangare, ya fi kyau. Bayan dashe ki zuba zallar tsakuwa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a sama, ki tura ta har ƙarƙashin ganyen, yadda babu ganyen da zai kwanta a kan ƙasa.

Akwai wani ƙaramin aiki da ake yawan tsallakewa, kuma a ganina shi ne yake raba wanda tsironsa zai shekara da wanda zai rasa shi. Baƙar ƙasar da ke cikin tukunyar mai sayarwa tana riƙe ruwa ƙwarai a lokacin sanyi, in kuma ta bushe a lokacin zafi sai ta ƙanƙame ta ƙi shan ruwa. Idan kika dasa tsiron da wannan dunƙule a gindinsa, kin binne masa matsalar a tsakiyar kyakkyawar tsakuwar da kika shirya. Ki jiƙa dunƙulen a bokiti, ki karkaɗe mafi yawan ƙasar da yatsu a hankali, ki baza saiwoyin cikin sabon haɗin. Zai ɗan yi yaushi na kwana biyu ko uku, kada ki damu, ki ba shi inuwa da ruwa har ya kama. Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko farkon Satumba, da tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin tsiro da tsiro.

Kada kuma jin cewa jiƙa tana kashe shi ya sa ki bar shi da ƙishi. Wannan kuskure ne na biyu, kuma masu shi sun fi masu na farko takaici, domin suna ganin sun bi ƙa'ida. Tsiron nan ba ɗan hamada ba ne. A watannin Yuni zuwa Agusta, in aka yi mako guda babu ruwan sama, ki ba shi ruwa sosai da yamma ko da sassafe, wanda zai sauka har ƙasa, sannan ki bar saman ya bushe kafin ki ƙara. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana jan saiwa zuwa sama inda zafi yake. Game da rana, a kan tsauni yana shan ta duk yini, amma iskar can tana da sanyi, tunda duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi. Munik tana wajen mita 520 ne kawai, don haka gefen da ke samun ranar safe da inuwar la'asar ya fi masa gindin katangar da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugawa.

Batun daɓen tsakar gida kuwa, amsar ita ce eh, kuma a ra'ayina babu inda ya fi yin kyau kamar nan. Dalili shi ne yadda yake yaɗuwa. Yana tura siraran saiwoyi farare ta ƙarƙashin ƙasa, su fito da sabon toho can gaba, kamar yadda ƙiri-ƙiri yake yi a gona, sai dai shi nasa ba su da ƙarfi kuma cire su ba wuya. Faffaɗan dutse yana ba waɗannan saiwoyi sanyi da danshi a ƙarƙashinsa, tsagar da ke tsakanin duwatsu kuma tana ba ganyen bushewa da haske, wato daidai abin da yake samu a tsauni. Sharaɗi shi ne tsagar ta kai faɗin santimita 2 zuwa 3, ba a like ta da siminti ba, kuma ƙarƙashin daɓen tsakuwa ce ko yashi. Ki kankare tsagar da tsohuwar wuƙa, ki cusa ɗan ɓallen tsiron mai saiwa, ki cike da haɗin da na faɗa. Ki sa shi a gefe-gefe da gindin matakala, inda ƙafa ba ta yawan takawa, domin ba ya jure taku. Sannan ki kula da gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara a hanya, wanda yake ƙona saiwarsa. A wannan ɓangare ki yi amfani da yashi.

Wannan hali nasa na yaɗo yana da wata fuska da ya kamata ki sani tun yanzu, don kada ki ɗauka kin sake yin asara. Ba ya zama wuri ɗaya. Bayan shekara biyu ko uku tsakiyar kurmin yakan yi sanƙo, ya mutu, yayin da gefunan suke ci gaba zuwa sabon wuri, domin ya cinye ɗan abincin da ke inda ya fara. A gangaren tsauni, inda tsakuwa take motsi tana binne tsirrai, wannan tafiya ita ce hanyar tsirarsa. A lambu maganinta shi ne duk bayan shekara biyu, a farkon Afrilu ko bayan gama fure, ki tono wani ɓangare daga gefen da ke da ƙarfi, ki rarraba shi ƙanana, ki sabunta haɗin ƙasar tsakiya ki mayar. Ni dai na fi son a bar shi ya zaɓi hanyarsa a cikin daɓe ko katangar dutse, domin wuraren da yake ɓullowa da kansa sukan fi wanda mutum ya tsara masa dacewa.

Saboda wannan yaɗo ne kuma ake zaɓar masa maƙwabta da hankali. Yana zama lafiya da Saxifraga paniculata mai taurin ganye, da Thymus serpyllum mai shimfiɗa, da ƙananan Dianthus, da kuma Crocus, masu tushe kamar na albasa, waɗanda suke gama furensu su kwanta kafin shi ya tashi. Amma in kina da tsirrai masu tsada da ke girma a dunƙule a hankali, irin su Androsace, ki nisanta shi da su, domin zai ratsa cikinsu ya shaƙe su. Babban amfaninsa a lambun dutse shi ne lokacin furensa: mafi yawan tsirran tsauni suna gama nasu a Afrilu da Mayu, shi kuwa yana farawa a Yuni ya kai Agusta, lokacin da wurin ya fara zama kore zalla. In kika riƙa yanke karan da furensu ya bushe da almakashi, yakan ƙara wani zubin.

Wanda ba shi da fili zai iya raya shi a kwamin dutse, irin wanda ake shayar da dabbobi a da, al'adar da masu lambu a Ingila suka yayata tun wajen shekarun 1920. Ko tukunyar ƙasa mai faɗi ta isa, muddin tana da babbar huda a gindi, an ɗora ta a kan bulo don ruwa ya fita, kuma ba a sa mata faranti a ƙasa ba. Wata dabara da masu lambu na Jamhuriyar Cek suka shahara da ita ita ce jera faffaɗan duwatsu a tsaye, kusa da juna, a cike tsakaninsu da yashi da tsakuwa, yadda saiwa za ta nutsa can ƙasa cikin sanyi. Wannan tsiro yana jin daɗin irin wannan gini ƙwarai. In kina son ganin yadda ƙwararru suke shirya wurin, lambun tsirrai na Nymphenburg a cikin Munik yana da sashen tsirran tsauni, kuma yana da reshe a kan dutsen Schachen kusa da garin Garmisch-Partenkirchen, a tsayin kimanin mita 1,850, wanda aka buɗe a 1901 kuma ake shiga a watannin zafi. Ki lura da abin da ke gindin tsirran fiye da furen.

Babban abokin gabansa shi ne dodon koɗi, musamman irin nan marar kwanso, jajaye manya da suka cika lambunan Jamus. A dare ɗaya na watan Afrilu suna iya aske sabon toho har ƙasa, mai lambu ya wayi gari yana zaton tsiron bai farka ba. Tsakuwa mai kaifi tana rage su amma ba ta hana su. Ki fita da tocila bayan magariba a ranakun da aka yi ruwa ki tsince su, in kuma sun yi yawa ki nemi ƙwayoyin maganinsu da aka yi da sinadarin ƙarfe, waɗanda suka fi sauƙin illa ga tsuntsaye da bushiya. Wani lokaci cutar da ake kira tsatsa takan fito a bayan ganye, ɗigo-ɗigo ruwan lemo. A yanke ganyen da ya kamu a zubar a shara, kuma a daina jiƙa ganye da dare.

In kina son shuka shi daga iri, ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, don haka a watan Fabrairu ko Maris ake barbaɗa ta a saman haɗi mai yashi, a danna kaɗan, ba a rufe ta da ƙasa domin tana bukatar haske. A ajiye a wuri mai ɗumin digiri 15 zuwa 20, a riƙa jiƙa tukunyar ta ƙasa. Nau'in Bavaria Blue da Bavaria White ana samun su ta iri. Mai ninkin fure da ake kira Elizabeth Oliver kuwa sai ta hanyar rabawa, domin iri ba ya dawo da siffarsa. Ni ban fifita shi ba, saboda ninkin yana ɓata siffar ƙararrawar kuma ƙudan zuma ba sa samun shiga yadda ya kamata. Furen Campanula yana da wata hikima: tun kafin ya buɗe yake zuba ƙurarsa a kan gashin sandar da ke tsakiyarsa, ƙudan zuma su kwashe, sai bayan haka kan sandar ya buɗe don karɓar ƙurar wani fure. Saboda haka mai son tara iri ya dasa tsirrai da dama da suka fito daga iri dabam-dabam. Ina kuma roƙon ki kada ki tono shi daga tsauni. A wuraren da aka keɓe, kamar gandun dajin Berchtesgaden na Jamus, doka ta hana, kuma tsiron da aka fizgo daga tsagar dutse yakan bar rabin saiwarsa a can.

Saura batun Jos, kuma a nan ba zan ba ki ƙwarin gwiwa ba. Jos tana da tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyinta a Disamba da Janairu sananne ne, amma sanyin hunturu ne mai bushewa, ba irin dogon barcin watanni a kusa da digiri sifiri da tsiron ya saba da shi ba. Daminar Jos kuma tana da ruwa mai yawa tare da ɗumi na tsawon watanni, wanda shi ne yanayin da ya fi saurin ruɓar da wuyansa. Akwai kuma tsawon yini: a Munik yinin watan Yuni yana kai awa 16, a Jos kuwa ba ya kai awa 13 a duk shekara, kuma an tabbatar cewa ɗan'uwansa Campanula carpatica ba ya fure sai yini ya yi tsawo. Irin zai iya tsira a tukunya ya yi ganye na ɗan lokaci, amma kada ƙanwarki ta sa rai da abin da kika gani a Alps. Ga Kano ko Damagaram kuwa, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya gama da shi. Banda haka, shigar da iri Najeriya yana bukatar izinin hukumar da ke kula da killace tsirrai da dabbobi.

Idan abin da take so shi ne gajeren tsiro mai shuɗin fure a bakin fangali, ta gwada Lobelia erinus, wanda dangin Campanula ne na nesa kuma asalinsa kudancin Afirka ne. Ta shuka shi a ƙarshen damina domin ya yi fure a cikin sanyi, tana ba shi ruwa. Akwai kuma kafi-malam, wanda masana ke kira Evolvulus alsinoides, da ke fitowa da kansa a filayen ƙasar Hausa. Furensa a buɗe yake, ba siffar ƙararrawa ba, kuma ƙarami ne, amma shuɗinsa mai kyau ne, yana shimfiɗa a ƙasa, yana son yashi da tsakuwa da rana, kuma za ta iya samun irinsa a bayan gari ba tare da ta biya ko kwabo ba.